Roƙon Gona da Bindiga

Ranar da aka ce an mai da ni sashen hulɗa da farar hula, abokan aikina suka yi ta yi mini barka kamar an naɗa ni sarauta. Wai na huta da rarrafe cikin ƙaya, daga yau aikina shan shayi da masu gari. Kapitan ɗinmu ya gaya mini dalilin zaɓena ba tare da ya ɗaga kai daga takardunsa ba: ni ɗan ƙasar ne, a wajen Sassumbrum aka yanke mini cibi, ina jin Hausar mutanen, kuma ina taɓa Fillanci na gaisuwa da sayen nono. Aka tura ni fomasiyon, wato horo, na mako biyu a babban birni, cikin wani ɗaki mai sanyi, inda wani masani da bai taɓa riƙe hauya ba ya koya mana yadda ake sauraren talaka. Akwai yadda ake karkata kai. Akwai yadda ake cewa "na fahimce ka". Na dawo da takardar shaida da galan ɗina a kafaɗa, alamar muƙamina na soja, ajidan, ina ganin babu rigimar da za ta gagare ni tsakanin Magarya da Dungas.

Ba a jima ba rigimar ta zo ta same ni, a wani ƙauye da ke tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. Ƙarshen rani ne, ruwa ya yi ƙasa a rijiya. Wasu makiyaya masu wucewa suka zo da garke, aka yi gardama a kan wa zai fara ja, sanda ta tashi, aka fasa wa wani saurayin garin kai. Masu garken suka kora shanunsu suka yi gaba, ko sunansu ba wanda ya sani. Samarin gari kuwa, da yake fushi ba ya son tafiya mai nisa, sai suka faɗa wa Fulanin da ke zaune a gefen garin tun zamanin kakanni, suka ƙone musu bukkoki da rumbuna. Mutanen suka kwashe abin da ya saura suka koma bakin wata tsohuwar rijiya, tafiyar awa guda a ƙafa.

Muka iso da motoci bayan wuta ta mutu, kamar yadda muka saba. Ni na kawo shawarar da har yau nake jin kunyar tunawa. Na shimfiɗa taswira a kan gaban mota, na ja layi da jan biro tsakanin garin da rijiyar, na ce daga yau ba mai ƙetare wannan layi, ko daga can ko daga nan, sai ranar da za a yi taron sulhu a gaban kolonel, babban kwamandanmu. Kapitan ya ce madalla, wannan shi ne aiki da ilimi. Muka kafa shinge a gindin wani gawo da ke kan hanya, muka zuba sojoji. Wallahi a lokacin har tafiyata ta canza.

Cikin waɗanda aka kora akwai wani dattijo siriri, mai farin gemu, wanda kowa ke ce wa Baffa, ni ma haka nake kiransa. Shanunsa ba su da yawa, fari ya cinye rabi tun shekarun baya. Abin da ke riƙe da gidansa gona ce guda a gabas da gari, kuma ba tasa ba ce, ta aro ce. Mahaifinsa ya are ta wurin mahaifin wani dattijon garin, wanda zan kira Baba. Shekara da shekaru shanun Baffa suna kwana a cikinta da rani, har ta zama ba gonar da ke ba da gero kamarta a wajen. Ƴaƴan Baba, manyan magidanta uku, sun daɗe suna kallonta suna haɗiyar miyau.

Wata safiya Baffa ya zo gindin gawon da sandarsa a kafaɗa, ya durƙusa, muka gaisa. Ya ce, "Ɗana, so nake in shiga gari."

Na ce, "Baffa, me ka manta a garin da ya ƙone maka gida?"

Ya ce, "Maganar gona ce."

Ba sai ya yi mini dogon bayani ba, don ubana ma gonar aro ya noma har ya koma ga Allah. A wajenmu aron gona ba ya wuce damina guda, ko da an yi shekara ɗari ana yi. Duk bazara, in gizagizai suka fara taruwa, mai aro zai tako da ƙafarsa zuwa ƙofar mai gona, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a gaisa a tambayi iyali, sannan ya ce ya zo maganar gona. Mai gona ya ce Allah ya ba da damina mai albarka. Shi ke nan, an gama, ba takarda ba shaida. Amma ba a aike, kuma mai gona ba ya kira. In ruwan shuka ya sauka ba ka zo ba, ka saki gonar ke nan, mai ita ya san yadda zai yi da abarsa. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Sai dai ba a koya mana shi a ɗakin sanyi ba, don haka na ɗauke shi ƙaramin abu.

Na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka. Ni da kaina zan je maka."

Ya dube ni kamar mai duban ɗan maraƙin da ya sa kai cikin tulu. Ya ce, "Ɗana, ai ba a aike."

Na karkata kai daidai yadda aka koya mini, na ce na fahimce shi. Ya ɗauki sandarsa ya koma.

Doka ta ce ba mai fita aiki a yankin da aka yi rikici sai da rakiya. Saboda haka roƙon gonar Baffa ya tafi cikin mota mai babbar bindiga a baya, da soja shida, kowa da hular ƙarfe. Muna shiga gari mata suka kwashe yara suka shige gida, kaji suka watse. Muka ci burki a ƙofar Baba. Yana zaune a kan tabarma yana tufkar igiya, ƴaƴansa uku suka fito suka tsaya a bayansa, maƙwabta na leƙe ta kan danga. Ban tuɓe takalmi ba, don igiyar takalmin soja tana da tsawo, kuma mai galan ba ya tsayawa kwance ta a gaban ƙananansa. Na tsuguna a bakin tabarmar da ƙaramar bindigata a ƙugu, na gaishe shi, na ce na zo ne a madadin Baffa, maganar gona.

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Gwamnati ce ke son gonar, ko shi?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Ƙafarsa ce ta karye?"

"A'a, mu muka hana shi zuwa, saboda tsaro."

Ya ce, "To. In gwamnati ce, ga gona can, ba sai an tambaye ni ba, ku kuke da ƙarfe. In kuwa shi ne, ya san ƙofar nan tun ba a haife ka ba."

Na yi ta zuba, na kawo zaman tare, na kawo ci gaban karkara, duk abin da na haddace sai da na amayar. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce in gaida manyana. Muka tayar da ƙura muka fita. A rahoton ranar na rubuta cewa an yi tattaunawa mai armashi, kuma mai gona ya nuna kyakkyawar niyya.

Kafin la'asar labari ya gama gari cewa Fulani sun turo soja su ƙwace gonar Baba. Ka ji aikin gwani. Da ban je ba, maganar tana tsakanin tsofaffi biyu da suka yi kiwon awaki tare suna yara. Da na je, sai ta zama maganar wa ya ji tsoro. Yanzu ko Baba ya so ya sassauta, ya aika a ɓoye a ce wa Baffa ya shuka kawai, ba dama, za a ce ya ga bindiga ya saki. Abin da ya rage masa guda ne, Baffa ya zo da ƙafarsa kowa ya gani. Ni kuma ina gindin gawo na tsare hanya da soja shida.

Amma kada a ce ban yi komai ba. Na zauna a buro, wato ofishinmu, na tsara takardar sulhu da Faransanci mai kyau, na sa wani sashe na musamman da ya ce za a mutunta duk wani aron gona na gargajiya. Na karanta wa kapitan, ya ce ko lauya sai haka. Na aika a gaya wa Baffa gonarsa tana cikin takarda, ya kwantar da ransa. Ban san me na zaci takardar za ta yi ba, ko za ta ɗauki sungumi ta je ta sare masa ramuka.

Saura a sa ranar taro. Aka sa, sai kolonel ya yi tafiya. Aka sake sawa, sai ga ƙyallen da aka buga don a rataya ya iso da sunan wani ƙauye daban, aka ce ba zai yiwu manya su zauna a ƙarƙashin kuskure ba, a mayar a sake bugawa. Aka sa ta uku, ta ci karo da wani taron perfe, shugaban gundumar. Kowane ɗagi da dalilinsa mai ƙarfi, kuma kowane dalili da takardarsa. Hadari ne kawai ba a aika wa takarda ba, shi kuwa kullum da yamma sai ya taru a gabas, ya yi baƙi, ya ɗan yi rugugi ya watse.

Da aka sa rana karo na huɗu, Baffa ya sake zuwa, saura kwana shida taron. Ranar iska mai ƙanshin ƙasa tana kaɗawa, duk wanda aka haifa a ƙauye ya san abin da take nufi. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Ɗana, ka sa ni a bayan motarka ka ajiye ni a bakin gari. Ko ka ɗaure mini hannu in kana tsoro. In gaida mai gona in dawo, ba zan kai shan fura ba."

Gaskiya tsoro nake ji, amma ba nasa ba. Tsoro nake kada wani saurayi mai zafin kai ya ɗaga masa sanda, a ce an sake zub da jini a yankin ajidan wane, ana saura kwana shida kolonel ya zo. Kuma layin nan ni na ja shi, an yaba mini a gaban mutane, ina zan sa fuskata in ni na fara taka shi? Na ce, "Baffa, kwana shida ne fa. Ka yi haƙuri."

Ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ke gabas, ya ce, "Ka gaya wa wancan." Raina ya ɓaci, har na ce masa umurni umurni ne. Tsohon da ya girmi ubana na gaya wa haka, a tsaye, hannuna a ƙugu.

Washegari da azahar ruwa ya sauka, ruwa na gaske, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Da gari ya waye duk duniya ta fita shuka. Maza na sara da sungumi, mata da yara na bin su suna zuba iri suna rufewa da diddige. Muka zaga sintiri, na ga ko'ina an fita, ban da gonar gabas. Ba kowa a cikinta. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ni da hankalina sai na ce wa direba, ka gani, sun ji labarin sashen da na sa a takarda, sun mutunta doka. Har na ƙudurta zan sa wannan a rahoto. Ashe Baba ne ya hana ƴaƴansa, yana fita ƙofar gida tun asuba ya zauna yana duban hanya, suna yi masa magiya laima na tafiya. Rana ta huɗu ya yi shiru, suka ɗauki shirun a matsayin izini, suka shuke ta tas kafin hantsi. Iri in ya shiga ƙasa kuwa ba mai tone shi, ko sarki.

Taro ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, ƙyalle ya zo da sunan gari daidai. An raba wa samarin da suka ƙone rumbuna fararen riguna masu hoton kurciya, sun yi kyau abinsu. Kolonel ya yi jawabi da Faransanci, ina fassarawa, ana tafi a inda na ɗaga murya. Aka karanta takardata har da sashen gona, wakilai suka dangwala yatsa. Sai mai ɗaukar foto ya ce a fito da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare su yi musafaha. Aka nuna Baba da Baffa, don su suka fi farin gemu.

Baba yana zaune a kujerar gaba. Aka taso da Baffa daga ɗaya rumfar. Maimakon ya miƙa hannu, sai ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, ya durƙusa a ƙasa a gaban kujerar. Ina tsaye kusa da su da makirufo a hannu, na sauke shi. Suka gaisa a hankali, ya gida, ya iyali, ya aka ji da ruwa. Sannan Baffa ya ce, "Na zo maganar gona."

Ya san an shuke ta, kowa ya sani. Baba ya dubi ƙasa. Ya ce, "Kwana uku na riƙe su."

Baffa ya ce, "An gaya mini. Allah ya ba da damina mai albarka."

Maganar da mai gona ya kamata ya faɗa, mai aro ne ya faɗe ta. Mai foto ya matso ya ce su miƙe tsaye, wai durƙuson nan ba ya nuna daidaito tsakanin ɓangarori. Aka miƙar da su, aka haɗa musu hannu, aka ce su yi murmushi. Kolonel ya karkato ya tambaye ni me tsofaffin suka ce. Na ce suna godiya ne ga hukuma da ta dawo musu da zaman lafiya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce in sa a rahoto, na kuwa sa.

Bayan mako guda taimako ya iso, kamar yadda aka alkawarta a taron. Me aka kawo? Irin gero, buhu-buhu, ingantacce, mai saurin nuna, don waɗanda rikici ya shafa. Na ɗauka na kai bakin tsohuwar rijiya. Na tarar ana ɗaura wa jakuna kaya, an kwance bukkoki, mata na jera ƙore cikin raga. An ɗage layi, ba mai hana su komawa gefen gari, amma su koma su ci me? Rumbu ya ƙone, gona ta tafi. Baffa zai bi shanunsa kudu, ƙetaren iyaka, inda wani ɗan ƙanensa yake.

Na tsaya da buhun iri a gabana kamar wawa. Na soma cewa baɗi in Allah ya kai mu, takarda ta ba shi dama. Ya ɗaga hannu, ba da faɗa ba. Ya ce in bar irin wa masu gona. Sannan ya ce, "Tunda kana son aike, ga wanda ake aikawa. Ka gaya wa mai gona akwai kwari a gefen arewa, wajen tsamiya, ruwa na kwanciya a wurin in damina ta yi nisa. Kada yaran su bar gero a nan, ruɓewa zai yi. Su sa dawa tun da sauran lokaci."

Na ce zan faɗa. Na nemi ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana duka, ya juya ya ci gaba da ɗaure tabarmarsa.

Wannan karon a bakin gari na bar motar da masu rakiya, na ce duk wanda ya biyo ni sai na saɓa masa. Ashe ana iya yin haka, ba wanda ya mutu, sama ba ta faɗo ba. Na taka har ƙofar Baba, na zauna a ƙasa na kwance igiyar takalmi ɗaya bayan ɗaya, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni.

Baba ya saurari saƙon har ƙarshe. Can ya kira babban ɗansa ya tambaye shi me suka zuba a wajen tsamiya. Ɗan ya ce gero mana, duk gonar gero ce. Baba ya sallame shi, ya juyo gare ni.

Ya ce, "Gonata ce, ta ubana ce, amma ban san ruwa na kwanciya a wurin ba. Ban taɓa noma ta ba. Shi ya san ta." Ya share ido da bakin rigarsa. "Sun tashi?"

Na ce, "Na baro su suna ɗaurin kaya, Baba."

Ya yunƙura zai miƙe, ya laluba sandarsa, gwiwa ta ƙi. Tafiyar awa guda ce ga mai ƙarfi. Na ce ga mota can a bakin gari, in kai shi yanzu-yanzu. Ya dube ni, ya ce ba zai je sallama da mutumin nan a cikin motar bindiga ba. Na kama shi ya tashi, muka kama hanya a ƙafa, yana dogara sanda yana hutawa a kowace inuwa, ni ina biye da shi. Rana ta karkata kafin mu isa rijiyar. Muka tarar da toka da kashin shanu, da sawun jakuna ya yi kudu.